Kayan Fitar Doña Eusebia

Tun shekarar da na zo Brazil karatun likitan haƙori ake karɓar kuɗin bikin kammala karatu a hannunmu duk wata. Ban taɓa yin ƙorafi ba, ko a watannin da shinkafa da wake kaɗai ke shiga cikina. Giyar da za a sha ba ta dame ni ba, makaɗan da za a ɗauko daga Belo Horizonte ma can su gane. Abu ɗaya nake biya wa, rawar iyaye. A tsakiyar bikin ana rage fitilu, a kira sunan kowane ɗalibi, ya fito da mahaifinsa ko mahaifiyarsa su taka rawar nan mai juyi a hankali da suke kira valsa, kowa na kallo. Babana ya rasu tun ina firamare. Da aka tambaye ni wa zan fito da shi, ban ko ɗaga kai ba na ce Eusebia Limachi, mahaifiyata.

Sunana Noemí Tarqui, amma 'yan ajinmu Bolívia suke ce mini, sai ka ce ni kaɗai aka haifa a ƙasar. Da farko nakan gyara musu, daga baya na gaji na bar su. Cikinsu wanda ya fi shige mini shi ne Otávio, wani dogo mai kyamara rataye a wuya, wanda da malamai za su ƙyale shi har ɗakin cire haƙori zai shiga da ita. A wani dogon hutu ya nace sai ya bi ni gida El Alto. Na ce masa garinmu a kan dutse yake, iska ba ta isar baƙo. Ya ce shi ɗan jihar Minas ne, a kan dutse aka yanke masa cibiya.

Ranar da muka sauka ko ƙofar gidanmu bai kai da ƙafarsa ba, ƙarancin iska ya kayar da shi. Mahaifiyata, wadda nake kira Mamita, ita ce ta yi jinyarsa. Ta dafa masa shayin ganyen koka, ta ba shi miyar chairo da cokali a baki, ta kwaso sababbin barguna daga shagonta ta lulluɓe shi har kai. Da ya miƙe kuwa ba abin da ya tsira daga kyamararsa: tafkin Titicaca, filin gishirin Uyuni, karnukan unguwa, har wayoyin lantarki. Yana da ido, wannan ba zan hana shi ba. Wata safiya mai sanyi ya tarar da Mamita a bakin shago da tsohuwar rigar aikinta, kwano a cinya, tana karyawa. Ta ɗaga masa hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Bari gobe in sa kayan kirki, sai ka ɗauka ka more."

"A'a, Dona Eusebia, haka ya fi zama gaskiya," in ji shi, alhali ya riga ya latsa.

Ta ɓata rai sosai. Ya ba ta haƙuri, ya rantse ya goge, har da nuna mana bayan kyamarar. Muka bar maganar a nan.

Da bikin ya matso Mamita ta ƙi hawa jirgi, ta ce ba za ta miƙa hularta ga mutanen da ke jifa da kaya ba. Mota ta bi daga La Paz zuwa Santa Cruz, ta tsallaka iyaka a Corumbá, ta ratsa São Paulo, kwalin hular na kan cinyarta har ta sauka a tashar garin da nake karatu ƙafafu a kumbure. Da muka isa ɗakina ko ruwa ba ta sha ba ta kwance ƙunshinta a kan gado. Musamman don wannan rana ta ba da ɗinkin. Pollera ce shuɗiya mai duhu, faffaɗan siket mai ninki bisa ninki, da zaren zinariya a ƙasa. Ga fataru masu leshi da za su ɗaga ta, ga mayafi mai dogon geza na gashin vicuña, wata dabbar dutse mai gashi mai tsada, ga hula ruwan toka wadda ba ta taɓa ganin rana ba. 'Yan kunnenta da allurar zinariyar da ke riƙe mayafi a cikin rigar mama ta ɓoye su duk tsawon hanya. A wurinmu ba wata kwalliya da ta wuce wannan. Da ita ake ɗaurin aure, da ita ake karɓar yaro a coci ranar baftisma, da ita mata ke zama a majalisa.

Mai gidan da nake haya, Dona Cida, ta leƙo ta gani, ta dafe ƙirji. Tsohuwar mai dafa abincin makaranta ce, mijinta ya rasu, ba ta iya ganin mutum ba ta tura masa abu a baki ba. Kafin yamma sun zama ƙawaye. Ɗaya na zuba Fotugis, ɗaya na mayar mata da Sifaniyanci haɗe da Aymara, yarenmu, suna ta dariya a kicin, Mamita na ɗanɗana burodin cuku, Dona Cida na jujjuya busasshen dankalinmu tana tambaya ko dutse ne.

Ana gobe biki aka kira mu gwajin rawa a zauren da aka kama. Mamita ta sa pollera ta yau da kullum, ta gyara jelar gashinta biyu da ke sauka har ƙugu, ta ɗora tsohuwar hularta. Muna shiga Priscila ta taho da gudu. Ita ce shugabar kwamitin biki, yarinya mai murmushi kamar tallan man goge baki, ko zaginka za ta yi sai ta fara rungume ka. Ta sumbaci Mamita a kumatu biyu.

"Wayyo, kamar 'yartsana! Bolívia, mamanki ta haɗu. Gobe me za ta sa?"

"Irin wannan, amma na fita. Wannan ai na zaman gida ne."

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta tsaya.

"Amiga, ƙawata, ba ki karanta katin gayyata ba? Kayan gala aka ce. Mata doguwar riga har ƙasa. Ba a shiga da kayan wasa."

"Kayan me?"

"Kayan al'ada, kin gane abin da nake nufi. Bikin kanibal da ake shigar burtu ai ya wuce. In muka bar ki, gobe wani ya ce kakansa makiyayi ne, ya shigo mana da takalmin hawan doki. Kuma kamfanin da zai ɗauki bidiyo sun ce duk wanda ke tsakar fili ya zama iri ɗaya, ba hula, ba wani abu da zai janye ido."

"Priscila, allurar mayafinta kaɗai ta sayi rigarki da ta mamanki, har da canji."

"Ba maganar tsada ake ba, amiga, maganar tsari ce." Ta kama hannuna ta rage murya, wai ita mai taimako. "Ji, na samo mafita. Ta zo da kayanta ta zauna a tebur, ba wanda zai hana ta. Ke ki yi valsa da wani malami. Bayan an ci abinci sai mu ba ta ɗan lokaci ta yi mana rawarku ta gargajiya. Mutane za su so abin sosai."

Na fizge hannuna.

"Uwar tawa ce za ta yi muku rawar biri bayan kun ci kun ƙoshi? Ki kira taki uwar ta yi, ai na ga tana da ƙugu!"

Iyayen mutane suka juyo. Priscila ta ce ba sai na yi ashar ba. Ban ma fara ba, amma ban samu ci gaba ba, don Mamita ta ja gefen rigata. Ba mu take kallo ba, bango take kallo. Masu ƙawata zauren suna rataye manyan hotunan tafiye-tafiyen 'yan ajinmu, ga wani a bakin teku, ga wata a gaban dusar ƙanƙara. A tsakiya, daidai inda za a yi rawa, ana warware wanda ya fi kowanne girma. Wata mata ce a bakin shago da tsohuwar rigar aiki, kwano a cinya, kumatu cike. A ƙasa an rubuta Haƙuri. Otávio na kan tsani yana daidaita shi.

"Noemita," ta ce da Aymara, "waccan ba ni ba ce?"

"Ke ce, Mamita."

"Da rigar aiki? Bakina cike da dankali?"

Ta taka har gindin tsanin, ta ɗaga kai.

"Ɗan nan, sauko. Ba kai ne ka rantse mini ka goge ba?"

Ya sauko yana sosa ƙeya. "Dona Eusebia, ki yi haƙuri, na kasa. Hoton ya yi kyau da yawa. Mutane za su ga ƙarfin matan duwatsun Andes, yadda kuke jure wahala."

"Wace wahala? Karyawa nake yi."

Matar da ke da shaguna a kasuwa da gidan bene, wadda ke aurar da 'ya'yan dangi, ita ce aka mayar abar tausayi don ta ci dankali da safe. Na juya kan Otávio.

"Wato a bango kuna son ta, da tsumma. A tsakar fili da zinariyarta ba kwa so. Kai ba kana cikin kwamitin ba? Buɗe baki ka yi magana mana, mai cin chairo da cokalin mutane!"

"Ƙuri'a ɗaya gare ni, Bolívia," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Doka ce, tun bara aka yanke."

Ba mu yi gwajin ba. A motar haya Mamita tana ta kallon iyayen da ke fitowa daga zauren ta taga. Ban fassara mata abin da Priscila ta faɗa ba, amma Fotugis da Sifaniyanci 'yan gida ɗaya ne, kuma 'yar kasuwa ba ta jiran tafinta kafin ta gane an raina kayanta. Sai da muka kusa gida ta yi magana.

"Kayana ne ba sa so."

"Ba su isa ba. In ba ki shiga da su ba, ni ma ba zan je ba."

"Za ki je."

"Mamita, ki ba ni zuwa gobe da la'asar. Ki goge pollera ki ajiye, ki ga aiki."

Ta mayar da idonta taga. Na ɗauka yarda ce.

Washegari tun da safe na fita. Ranar biki ba ka samun ɗalibi a gida, 'yan mata na wurin gyaran gashi, samari na wurin karɓar kwat ɗin haya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce su dai ba ruwansu, kada in ɓata musu rana. Wata ta ce ai in ka je ƙasar mutane sai ka bi tsarinsu, na ce mata ta tuna da haka ran da za ta je Titicaca da gajeren wando. Amma na samu masu kunya a ido. Jussara, wata 'yar Bahia da ba mu cika magana ba, ta fito daga ƙarƙashin injin busar da gashi ta ce ita ma an hana innarta zuwa da ɗaurin kai, ta yi shiru ne don ba ta son rigima.

"To yau za ki so ta," na ce. "Tashi."

Ta tashi da abin naɗe gashi a kai. Muka rubuta wa 'yan aji cewa in ba a bar iyayenmu da suturarsu ba, idan an kira sunanmu za mu zauna daram a kujera, mai bidiyo ya ɗauki fili fayau. Kafin azahar sunayen masu goyon baya sun fara taruwa, har da waɗanda ban zata ba. Priscila ta kira ni tana kuka, ta ce ina son rusa mata aikin shekaru, ta ce ita ba ta da wariya, har ƙawa take da ita 'yar Peru. Na ce ta gaishe ta. Ta kashe, ta sake kira, ta ce to a zo da siket ɗin amma ban da hula. Na ce da hula, da mayafi, da komai. Can da rana ta karkata ta aiko da saƙo a taƙaice, kowa ya zo da abin da yake so.

Ban tsaya nan ba. Na je zauren na sa aka nemo Otávio, na riƙe masa tsanin da hannuna har ya sauke hoton ya naɗe. Ya buɗe baki zai yi bayani, na ce ya adana yawunsa. Na kira wayar Dona Cida don ta yi wa Mamita albishir, ba ta ɗauka ba. Ban damu ba, kullum a kan firji take mantawa da ita. Raina fes na hau mota, ina ta shirya yadda zan ba da labarin.

Tun daga bakin ƙofa nake ihu. "Mamita! Mun ci! Fito da hula!"

Dona Cida ce ta tare ni a falo, fuskarta kamar an yi mata kyautar gida.

"Shiii, 'yata, daina ihu. Rufe idonki. Mun gama miki komai, ba sauran rigima. Rufe mana! Eusebia, fito!"

Ban rufe ba. Labulen ɗakin Dona Cida ya motsa, wata mata ta fito tana dafa bango saboda takalmi mai tsini. Doguwar riga ce a jikinta, ruwan hoda, marar hannu, wadda Dona Cida ta sa a bikin ɗanta. Damatsanta a waje, farare sol don ba su taɓa shan rana ba. An shafa mata jan baki. Gashinta a sake, an busar da shi ya yi laushi, ya tsaya daidai kafaɗa. Na leƙa bayanta ina neman sauran. Babu.

"Ina jelarki?"

"Ba ta yi kyau ba?" in ji Dona Cida. "Ni na kai ta wurin mai yi mini gyaran gashi. Matar ta so ta naɗe shi a ƙeya, ya ƙi zama don yawa. Mamanki da kanta ta nuna kafaɗa ta ce a yanke. Wallahi ta koma yarinya!"

Dona Cida ba ta sani ba, kuma ba ta da hanyar sani. A ƙauyen su Mamita, macen da aka kama da sata ko da mijin wata ita ake yanke wa jela a gaban jama'a. Tun tana budurwa almakashi bai taɓa kanta ba. Ita ta sani sarai.

"Mamita, me ya sa? Na ce ki jira ni."

"Na kalli matan jiya ɗaya bayan ɗaya, ba mai jela," ta ce. "Wanda ya ƙi pollera zai ƙi jela. Ba zan zo tun daga El Alto a mayar da 'yata daga bakin ƙofa saboda ni ba."

"Amma sun yarda! Sun ce ki zo da kayanki, har da hula. Na sa an sauke hoton ma."

Ta tsaya tana kallona. Ta kai hannu ƙeya kamar yadda takan yi in za ta jawo jela gaba, hannun ya dawo haka nan.

"Sun yarda," ta maimaita.

"Cire wannan abin, ki sa pollera. Akwai lokaci."

"Da wane kai? Ki ɗora hula a kan wannan ki gani. Kuma ba kin ce bidiyo za a ɗauka ba? Ya isa El Alto, a ga Eusebia Limachi da pollera ba jela, me za a ce na yi a Brazil?" Ta gyara wuyan rigar da ke zame mata. "Da wannan kuwa ba wanda zai gane ni."

Na tambayi inda gashin yake, ko za a iya ɗaura shi. Dona Cida ta ce ai sai da aka tsefe aka yanke shi kaɗan-kaɗan, an share an zubar. Sai a lokacin ta lura da fuskokinmu. Na gaya mata abin da yanke jela ke nufi a wurinmu, cikin kalmomi kaɗan. Ta zauna a hannun kujera ta rufe baki da tafin hannu, hawaye na zuba, tana ta kiran sunan Maryama. Na so in yi mata ihu, na kasa, don matar nan rigar da ta fi so a duniya ta ciro ta bayar. Wannan ya fi komai ci mini rai, ga fushi cike da ciki, waɗanda suka jawo shi kuma suna can ana shafa musu hoda.

"Ba inda za ni," na ce. "Su cinye bikinsu."

"Noemí Tarqui Limachi." Tun ina ƙarama in ta haɗa sunayen nan uku magana ta ƙare. "A banza na yanke ke nan? A kasuwarmu ana sayar da jela, zan saya in ɗaura har nawa ya tofo. Daina yi mini kuka a kai kamar na mutu. Je ki sa rigarki."

Na shiga ɗakina. Pollera na shimfiɗe a kan gado, a goge, ta jera fatarun a gefe, ta ɗora kwalin hula a kan matashi. Ashe ta goge ɗin kamar yadda na ce. Na sa rigata ina kallon bango.

Bayan magariba muka isa zauren. Na riƙe mata gwiwar hannu saboda takalmin. A bakin ƙofa Priscila ta tare mu, ta dubi Mamita sama da ƙasa, ta tafa hannu.

"Kin gani? Ta yi kyau kamar kowa! Haba amiga, duk tashin hankalin nan da kika jawo mana, ashe kuna da riga."

"Matsa," na ce.

"Ni fa yabo nake."

"Priscila, ki matsa tun ina ganin hanya."

Ta matsa. A ciki na hango innar Jussara da farin ɗaurin kai ya tashi sama, tana gaisawa da mutane, ba wanda ya suma, rufin zauren bai faɗo ba. Wani tsoho ma ya zo da faffaɗar hular makiyaya. Jussara ta ɗago mini hannu daga nesa tana dariya, ta nuna innarta, ta yi alamar tambaya, ina taki? Na kau da kai.

Muna zaune Otávio ya zo, ba kyamara a wuyansa, yana murza hannu.

"Bolívia, ina Dona Eusebia? Ina son in ba ta haƙuri da bakina. Ba ta zo ba ne?"

Tana kusa da ni, kafaɗarta na gogar tawa. Ya kalle ta ya ɗan sunkuya, gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, ya mayar da ido kaina yana jiran amsa. Matar da ta ba shi abinci a baki. Na buɗe baki, ta matse mini cinya a ƙarƙashin tebur.

"Ba ta zo ba," in ji ta da Sifaniyanci.

Muryar ya gane. Ya tsaya baki buɗe, ya yi fari, ya ja da baya har ya bugi kujerar wani. Ba ta sake kallonsa ba. Ba ta taɓa abincin da aka kawo ba, ta harɗe hannuwa a ƙirji tana rufe damatsanta da tafukanta, kamar mai jin sanyi, ga zauren kuwa zafi.

Aka rage fitilu. Mai sanarwa ya fara kiran sunaye, kowa na fita da nasa ana tafi. Da ya zo kaina ya karanta daidai, Noemí Tarqui tare da mahaifiyarta, Eusebia Limachi. Ta miƙe kafin ni. Ta taka zuwa tsakar filin a kan takalmin da ba nata ba, kai a sama, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na bi ta ina jin kamar in kife teburan nan gaba ɗaya.

Kiɗa ya tashi. Na kama hannunta na dama, na zagaya ɗayan hannuna bayanta. Tun ina yarinya in na rungume ta jela nake fara taɓawa, yau tafina a kan fatar bayanta ya sauka. Muka fara juyawa. Ta iya, ashe ta sa Dona Cida ta koya mata a kicin. Mai bidiyo ya nufo mu da fitilarsa.

"Noemita," ta ce a kunnena da Aymara, murya ƙasa-ƙasa, "matso. Riƙe ni sosai. Ji nake kamar tsirara na fito gaban mutane."

Na matso har ƙirjinmu ya haɗu. Duk inda fitilar ta biyo mu sai in juya da ita, in ba mai bidiyon bayana. Haka muka yi ta yi har kiɗan ya ƙare. Aka ɗau tafi, 'yan ajinmu suka saki iyayensu suna ɗaga hannu, ni ban sake ta ba.